Turken Mahaɗa

A shekarar da aka samu 'yancin kai, bayan an gama kaɗe-kaɗe an naɗe tutoci, gero ya shiga rumbu, sai aka wayi gari a ƙauyen Mahaɗa babu turken iyaka.

Wanda bai san Mahaɗa ba, ƙauye ne can arewa da Haɗeja, tafiyar kwana biyu ga mai jaki. A bayan garin, kusa da wata tsohuwar aduwa, Turawa sun kafa wani bututun ƙarfe tun zamanin kakanni, tsawonsa ya ɗara na mutum, da lamba a jikinsa. In ka jingina da shi ka dubi kudu, ƙasar Haɗeja ce. Gabas, ƙasar Barno. Arewa kuwa Nijar, wadda har lokacin bakin mutane bai saba da sunanta ba, Faransa suke ce mata. Matan garin kan ce akuyar Mahaɗa tana cin ciyawar sarakuna uku ba ta tsinke igiya ba.

To, da a wani lokaci ne ƙarfen ya ɓata, da sai a yi salati a wuce. Amma takarda ta riga ta iso cewa manyan ma'aikata na ƙasashen biyu za su zo su bi turakun iyaka ɗaya bayan ɗaya, su gan su da idonsu, su rubuta. Da mutanen gari suka ruga wurin, ba su tarar da komai ba sai sawun shanu birjik, da wani guntun itace mai shatar igiya a jikinsa.

"Turken maraƙi ne!" in ji wani. Shi ke nan, magana ta zauna.

Wanda ya yi zango a wurin da shanu kuwa mutum ɗaya ne, Tukur Bafillace, a kan hanyarsa ta gangarawa fadama kamar kowace shekara. 'Yan doka suka tare shi dab da Haɗeja, suka sa masa ankwa, suka tura shanunsa sittin cikin shingen da ko tsinken ciyawa babu.

* * *

Da hantsin ranar Alhamis, Yelwa, uwar Tukur, ta yi sallama a ƙofar Ya'u mai bin sawu, a wani ƙauye gefen Baturiya. Ya'u ya ba sittin baya, ɗan siriri ne, idonsa kullum a ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Ana cewa in kaza ta shiga cikin kaji ɗari, shi zai nuna maka sawunta.

"Malam Ya'u, yau ban zo da nono ba," in ji ta. "Da kuka na zo."

"Zauna, Inna, ki sha ruwa tukuna."

Ba ta zauna ba. "Sun ce Tukur ya saci ƙarfe. Ƙarfe, Malam! Me Bafillace zai yi da abin da ba ya cin ciyawa, ba ya haihuwa?"

"Shanun fa?"

"Kwana uku ke nan a shinge. Suna jin ƙanshin fadama suna kuka. Farar saniyarsa mai ciki ta kwanta jiya, ta ƙi tashi."

"Yaushe baƙin za su zo?"

"Laraba. Sajan na 'yan doka ya ce in ba a ga turke ba, ranar Talata alƙali zai ɗaure Tukur, don a samu abin gaya musu."

Ya'u ya ƙirga kwanakin da yatsunsa, ya ga ba su cika hannu ɗaya da kirki ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko sandarsa da buta.

* * *

Jirgin ƙasa ya ɗauke shi daga Malam Madori zuwa Birniwa, sauran kuwa ƙafa ta ƙarasa. Da safiyar Asabar yana gaban Bulama Shu'ibu, mai garin Mahaɗa, ƙaton mutum wanda gumi ya jiƙa wa rawani tun rana ba ta yi zafi ba.

"Allah ya ja zamanin Bulama."

"An ce kai ne mai karanta ƙasa. To je ka karanta, amma mu mun riga mun sauke." Ya jefo masa guntun itacen. "Ga shaida. Ka san mu Barebari da Fulani wasa muke yi tun kaka da kakanni. Ko bana da ya sauka na ce masa bawana ya dawo, ya ce a'a, ubangidanka ne ya dawo. To wasan har ya kai ga rawanina? In baƙi suka zo babu turke, ni za a tuɓe."

"Wani ya gan shi da ƙarfen?"

"Sai an gani? Baƙo ne, ya kwana a wurin, ya tashi, abu ya tashi."

Suka tafi gindin aduwa, rabin gari na biye da su. Ya'u ya tsaya ya dubi wurin. Shanu sittin sun tattake shi, sannan duk mai ƙafa a Mahaɗa ya zo kallo ya ɗora nasa. Sawun giwa ya taka na raƙumi, na raƙumin ma ya taka na akuya. Shekara arba'in yana wannan aiki, bai taɓa ganin ƙasa ta yi masa shiru haka ba.

Ya durƙusa yana laluben rairayi da tafin hannu. Abu na farko da ya ji, ƙasar wurin ta daskare, ta yi ɓawo, kamar an yi mata ban ruwa, alhali rabon wurin da ruwan sama ya fi wata guda. Can kuma yatsansa ya ci karo da wani abu mai tauri. Ya ɗan tona, sai ga karyayyen kan itace a kafe, tsaye cak a cikin ƙasa. Ragowar guntun nan ne da Bulama ya ba shi. Ashe dai kafa shi aka yi a wurin, shanu suka karya.

Bai ce wa kowa komai ba. Ya mayar da rairayi ya rufe, ya jawo reshen ƙaya ya ɗora.

"Ranka ya daɗe, a bar ƙayar nan yadda take har in dawo."

A inuwar aduwa kuma ya tsinci busasshen kashin jaki, ya murtsuke, sai ga ƙaiƙayin shinkafa.

"Wa ke ba jaki dusar shinkafa a garin gero?"

Bulama ya yi tsaki. "Masu kifi daga fadamarku suna zuwa kasuwa kowane mako, kowa da jakinsa. Kama su duka."

Wata mata daga baya ta ce, ƙasa-ƙasa amma don a ji, "Ni dai na ga sababbin lauje sun yi yawa a maƙera."

* * *

Ja'afaru maƙeri bai ko ajiye gudumarsa ba da Ya'u ya yi sallama.

"Na san za ka zo. Ko cokali ne ya ɓata a garin nan, wurina ake fara zuwa." Ya tura masa lauje da ƙafa. "Ɗauka ka buga shi da dutse."

Ya'u ya buga. Lauje ya yi ƙara siririya mai daɗi.

"Ka ji ko? Sifirin mota ne, daga Nguru na samo shi. Wancan na Bature bututu ne, ɗanyen ƙarfe. In na yi lauje da shi, ciyawa ce za ta yanke shi. Kuma kakana yana cikin waɗanda aka ɗora wa shi a ka aka kawo shi nan, har ya mutu wuyansa a karkace. Mu a gidanmu ko inuwarsa ba ma so."

"Wa zai ji daɗi in babu iyaka?"

Ja'afaru ya yi murmushi, ya nuna gabas da baki. "Tambayi mai raƙuma."

Sa'idu mai raƙuma, duk Mahaɗa an san abin da yake ƙetarawa da shi ta bayan gari, atamfa ta tafi arewa, turare da sukari su dawo kudu. Ya'u ya same shi yana shafa wa wani raƙumi magani a gwiwa. Da ya ji tambayar sai ya tuntsire da dariya har raƙumin ya waiwayo.

"Haba Baba! Ni iyaka ce gonata. In babu ita, kowace tsohuwa ta ɗauki atamfarta ta kai da kanta, ni in ci me? Wallahi da zan iya, biyu zan kafa."

"Ina kake ranar da aka yi abin?"

Dariyar ta ɗauke. "Wannan kuma tsakanina da Allah da raƙumana."

"Ba kayanka nake bi ba, Sa'idu. Mutum ke cikin ankwa."

Sa'idu ya goge hannu a riga. "Na wuce ta bakin rijiya da azahar, ranar da Bafillacen zai tashi. Na ga wani tsoho mai jaki yana jan ruwa, tulu bayan tulu, yana kaiwa wajen aduwa. Na ce, Baba, jakin naka kifi ne? Ko kallona bai yi ba. An ce daga Faransa ya fito, gaisuwar mutuwa ya je."

"Me ya hana ka gaya wa Bulama?"

"In ce na gani, a ce ni me nake yi a wurin?"

* * *

Bayan la'asar Ya'u ya koma gindin aduwa shi kaɗai, ya zauna yana juya guntun itacen a hannu. Tsoho, da jaki, da ruwa. Ruwan dai ya gane, an jiƙa ƙasa ne don ƙarfe ya yi saukin girgizawa. Amma wane irin ɓarawo ne zai tumɓuke abu, sannan ya tsaya ya kafa wani a gurbinsa?

Ya dubi shatar igiyar da kyau. Kun san igiyar maraƙi a ƙasa take ci, taƙi ɗaya daga rairayi, zobe ɗaya tak, don maraƙi ba ya hawa sama. Wannan kuwa zobe biyar ne, wani bisa wani, kowanne da faɗin igiya mai kauri. Ya zaro 'yar wuƙarsa ya kankare gefe. Cikin itacen rawaya-rawaya. Ya kai hanci. Giyayya ce, itacen da ba ya tsirowa sai inda ruwa ke kwana a gindinsa. A cikin wata tsaga kuma ga busasshiyar gansakuka.

"Abin da aka ɗaure a nan ba ya cin ciyawa," ya ce wa kansa. "Ruwa ke ɗaga shi, ruwa ke sauke shi."

Turken jirgin fito ne.

Duk mashigan fadamar Haɗeja ya san su kamar yunwar cikinsa, kuma mashigi ɗaya ne kawai turkensa ya karye a daminar bana. Na Kawu mai fito ne, amininsa na shekara arba'in. Ranar kasuwa ce, kogi ya cika ya batse, mata suna shiga jirgi da kayansu, turken da ya ruɓe daga ciki ya ɓalle. Jirgi ya juya, Aisa matar Kawu, wadda ƙafarta ɗaya ke ciki ɗaya ke waje, ta faɗa. Shi Ya'u ne ya bi gaɓar kogi kwana biyu har ya gano ta a cikin ciyawa. Aisa kuwa, Allah ya jiƙanta, mutuniyar Faransa ce, daga wani ƙauye bayan Mahaɗa.

Ya daɗe zaune. Da zai jefa guntun nan a rijiya, ba mai sani. Ya tuna yadda Kawu ya riƙe hannunsa a maƙabarta ya kasa saki. Sannan ya tuna Yelwa tsaye a ƙofarsa ta ƙi zama.

Ya sa itacen a aljihu, ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara.

* * *

Ranar Lahadi da yamma yana Haɗeja, gaban Sajan Usman na 'yan doka, mutum mai gajeren haƙuri da dogon gashin baki.

"Bulama da maƙeri da mai raƙuma duk suna hanya, za su ba da shaida jibi," in ji Ya'u. "Ina roƙon gobe da hantsi ka kawo mini su wani mashigin fito da zan nuna maka, har da Tukur."

"Ka ba ni suna kawai, in aika a kamo shi."

"Ban gani da idona ba tukuna, Sajan. In na faɗi suna ban gani ba, me ya raba ni da Bulama?"

Sajan ya murza gashin baki. "In ka tara mini mutane a bakin ruwa don kallon kifi, kai da Bafillacen za ku raba tabarma."

A hanyar fita Ya'u ya bi ta gefen shingen. Shanun sun daina kuka. Wannan ya fi tayar masa da hankali.

* * *

Da hantsin Litinin suka hallara a mashigi. Bulama yana fifita da gefen riga, Ja'afaru ya harɗe hannu, Sa'idu yana ta waige-waige. Tukur na tsaye da ankwa, ya rame, Yelwa a gefensa. Ruwa ya fara ja da baya amma har yanzu yana da ƙarfi, ja-ja-wur, yana tafe da karmami.

Jirgin yana tahowa daga wancan ƙetare cike da mata da ƙwaryar shinkafa. Kawu na tsaye a baya da dogon gwangwala, tsoho mai faɗin ƙirji da furfura. Ya kawo jirgi gaɓa, ya jefa igiya a wuyan wani turke da ke tsaye cikin ruwa, wanda aka naɗe da tsohon buhu tun daga sama har ƙasa. Ya'u ya dubi turken sau ɗaya, ya kawar da kai.

"A'a, mai hancin kura!" in ji Kawu. "Yau wa ka shinshino mana?"

"Kwaɗo sarkin ruwa," in ji Ya'u, muryarsa ba ƙarfi. "Sauke fasinjanka tukuna."

Sai a lokacin idon Kawu ya sauka a kan ankwar Tukur. Ya taimaki matan suka sauka ɗaya bayan ɗaya, suka ƙi tafiya, suka tsaya kallo.

"To, ga mu," in ji Sajan. "Yi bayani."

Ya'u ya tsaya a tsakiya. "An ce maƙeri ne. Na buga laujensa, ba ƙarfen Bature ba ne. An ce mai raƙuma ne. Shi kuwa ba ya kashe saniyar da yake tatsa."

"Allah ya yi maka albarka, Baba," in ji Sa'idu da sauri.

"Saura Tukur, da wannan." Ya ɗaga guntun itacen. "Inna Yelwa, a ina igiyar maraƙi ke cin turke?"

"A gindi mana. Taƙi ɗaya."

"Zobe nawa?"

"Ɗaya. Maraƙi biri ne da zai hau?"

"Ranka ya daɗe Bulama, ƙirga waɗannan."

Bulama ya karɓa, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. "Biyar."

"Giyayya ce, kuma a ruwa ta yi rayuwarta. Abin da aka ɗaure da ita yana hawa da damina, yana sauka da rani. Ba yar da ita aka yi a Mahaɗa ba, kafa ta aka yi, daidai ramin da ƙarfe ya fito." Ya'u ya mayar da idonsa ƙasa. "Mai itacen nan yana tare da mu. Ba zan kira sunansa ba. Shekara arba'in yana ƙetarar da ni, bai taɓa bari ko gefen rigata ya jiƙe ba. Ina so ya ƙetarar da yaron nan da kansa."

Kawu ya sunkuya ya fara kwance igiyar daga turke. Ɗan dokan da ke bayan Sajan ya yi taku ɗaya gaba. Kowa ya san in tsohon nan ya dafa gwangwala sau ɗaya, ya shiga hanyoyin ruwan Baturiya, ko shekara za a yi ba za a same shi ba.

"Tsaya nan!" in ji Sajan.

Kawu bai tsaya ba. Ya gama kwancewa, ya tako cikin ruwa, ya miƙa wa Ya'u bakin igiyar.

"Riƙe mini. Riƙe da kyau, ruwan yana ja."

Ya koma ya warware buhun. Sai ga baƙin ƙarfe, da lambar Turawa a jikinsa. Matan suka ɗauki salati.

"Kai!" Bulama ya daka tsawa. "Kai ne ka so ka tuɓe ni?"

"Ban san ka ba, ranka ya daɗe, balle rawaninka." Kawu ya dafa ƙarfen. "Na kai wa dangin Aisa gaisuwa ne. Na tafi musu da karyayyen turken, na ce ga abin da ya ci 'yarku, ku gani da idonku. A hanyar dawowa na huta a gindin aduwa, na ga wannan tsaye a daji, shekara hamsin, gara ba ta ci ba, ruwa bai ruɓar ba. Ranar 'yanci kuwa da kunnena na ji mai shela a kasuwa yana cewa Bature ya tafi, abin da ya bari duk namu ne. Na ce to, ya tafi ya bar turkensa. Ba turke kuke ce masa ba? Turke ai don a ɗaure abu aka yi shi. Na duba sama da ƙasa, ban ga an ɗaure komai a jikinsa ba."

"Ƙasa biyu aka ɗaure a jikinsa, tsoho," in ji Sajan, amma muryarsa ta sauka.

"Ban ga igiyar ba, ranka ya daɗe. Kuma ban bar rami a buɗe ba. Mu a sana'armu ba a cire turke a bar gurbinsa fayau, sai an kafa wani. Na fiƙe nawa na kafa. A ganina musaya na yi."

Sai Tukur ya yi magana, karo na farko, a hankali.

"Baffa, yaushe ka ji an kama ni?"

Kawu ya kasa dubansa. "Ranar Juma'a. A bakin mata, cikin jirgi."

"Yau Litinin."

"Yau Litinin, ɗana."

"Farar saniyata ta mutu ranar Asabar, da ɗa a cikinta."

"Sau uku na kama shi zan tumɓuke," in ji Kawu. "Kowane karo sai in hango mata suna gangarowa da kaya a ka, in ga ƙafa ɗaya a jirgi ɗaya a waje. Sai hannuna ya mutu. Ba na neman ka yafe. Na dai gaya maka yadda aka yi."

Sajan ya zaro mabuɗi ya kwance ankwar Tukur. Ya tsaya riƙe da ita, ya dubi tsohon da ke cikin ruwa har ƙugu, sannan ya sa ta a aljihu.

"Fito ka biyo ni da ƙafarka."

"To, ni fa?" in ji Bulama. "Ƙarfe ya samu, amma a ina za a mayar da shi? Shanu sun shafe wurin. In aka kuskure ko da taku ɗaya, mutanen Faransa su ce mun ci musu ƙasa!"

"Je ka ɗaga ƙayar nan, ranka ya daɗe," in ji Ya'u. "Gindin giyayyar Kawu na nan a kafe, yana tsare maka da wurin."

* * *

Haka kuwa aka yi. Motar Nguru ta kai ƙarfen ranar Talata, aka zare giyayya, aka zura ƙarfen a raminsa. Ranar Laraba manyan suka zo da jif biyu, waɗansu na Turanci waɗansu na Faransanci, suka ja sarƙar awo, suka ga daidai wa daida. Suka rubuta, suka tafi. Duk zamansu bai kai shan fura ba. Har yau ba su san cewa iyakar ƙasashensu ta yi kwana goma a kan turken da ya ci Aisa ba.

Alƙali ya ɗaure Kawu wata biyu. Kafin ya fito, Ja'afaru ya ƙera masa turke da gindin tsohuwar mota, ya kawo da kansa ya kafa, yana mita wai don a daina zuwa maƙerarsa tambaya. Amma Kawu, Allah Sarki, ya daina yarda da itace, ya daina yarda da ƙarfe. Duk sanda mata za su shiga jirgi, sai ya ɗaure igiya a ƙarfen, sannan ya shiga ruwa har ƙugu ya riƙe ta da hannu biyu, damina da rani. Mutane suka bar ce masa Kawu mai fito, suka koma Kawu Turke.

Tukur kuwa shekara biyu yana zagayawa da shanunsa ta wani mashigi mai nisa, ko sallama ba ya yi a nan. Ya'u bai taɓa sa baki ba, ya san akwai sawun da ba a bi, sai dai a jira shi.

A kaka ta uku, wata ranar kasuwa, Ya'u na zaune a gaɓa yana jiran jirgi, sai ya ga sawun da ya sani a cikin taɓo, na takalmin fata mai karkataccen diddige. Yelwa ce ta gangaro da ƙwaryar nono, ta tsufa, tana dogara sanda. A bayanta Tukur, ya tsaya a kan tudu da sandarsa a wuya. Kawu ya shiga ruwa ya kama igiya, bai ɗaga kai ba. Yelwa ta ɗora ƙafa ɗaya a jirgi, ɗaya na waje.

"Turke!" in ji Tukur daga sama.

Kawu ya ɗago.

"Riƙe da kyau, Baffa. Uwata ce."

Ranar ce kaɗai mutanen mashigi suka ga Ya'u mai bin sawu ya ɗauke idonsa daga ƙasa.